Kyamarar da Na Ɗaura a Ƙofar Siton Hajiya Adiza

Kusan kowane mako sai wani saurayi ya faka babur a ƙofar shagona a Lamashegu, nan cikin Tamale, ya tura tabarau saman goshi, ya ce Masta Bawa, aikin simat hom, na gida mai jin umarnin waya, nake so ka koya mini, sati biyu zai isa ko? Ya riga ya kalli bidiyo a waya, ya ga Bature ya manna wani abu a bango, ya yi magana fitila ta kama, shi ke nan a ganinsa ya gama da sana'ar. To ku da kuke ganin aikin manne-manne ne, ku jawo benci ku zauna. Yau ba zan nuna muku yadda ake haɗa komai ba. Labari zan ba ku, kuma ba mai daɗi ba ne.

Ni da wayar wuta na fara, shekara biyar a hannun Masta Kwabena, wani mutumin Kumasi mai gajeriyar zuciya da Hausar kasuwa. Shekarar farko ko filaya bai bari na taɓa ba. Tsani nake ɗauka, in fasa bango da guduma da cizal har tafin hannuna ya yi kanta. Da na fara haɗa waya, in na gama sai ya zo ya fizge ta da ƙarfi, in ta zare in sha ranƙwashi a gaban mai gida. A wurinsa na san testa, na san mita, na san yadda ake jin warin soket da ke shirin ƙonewa tun daga bakin ƙofa. Mutum ne da bai yarda da kowace waya ba sai ya gwada ta da kansa, ko da shi ya kashe wutar. Ya rasu kafin wannan sabon kayan ya iso Tamale, kuma wallahi wani lokaci ina taya shi murna.

Jakata a da ba ta wuce filaya biyu, sukudireba, testa, tef da injin huda bango ba. Yau duk suna nan, amma an ƙara mini laftof, da akwatin wayfay, da batirin ajiya, da wata babbar waya da ba ta da aiki sai ɗaukar manhajojin kamfanoni kala-kala waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ka sayi fitilar wannan, makullin wancan ya ce bai san ta ba. Wannan ma kaɗai ya isa ya fitar wa mutum da furfura.

’Yan boga ne suka kawo mana aikin. Haka muke kiran ’yan’uwanmu da ke zaune a Turai da Amurka. Mutum zai gina wa iyayensa gida a Choggu ko Gumbihini, ya ɗora katanga mai tsayi, sannan ya turo kwali-kwali na kaya: kyamara, makullin get mai karanta yatsa, fitilu masu jin umarnin waya, da ’yan ƙananan sensa da ake mannawa a ƙofa su sanar in an buɗe. Yana son yana can cikin sanyi ya ciro waya ya ga gidansa. Ban ga laifinsa ba. Amma wanda ya ƙera kayan nan bai taɓa jin sunan Tamale ba. Ya ƙera su ne don gidan mutum biyu da kare ɗaya, inda wuta ba ta ƙiftawa. Mu nan wuta ta tafi ta dawo sau uku kafin azahar, kowace dawowa sai wani abu ya manta da wayfay. Zafin watan Maris ya narkar da gam, sensa ta faɗo ƙasa kaza ta yi ta tsattsagarta. Tsaka ta bi ta gaban kyamara, waya ta yi kururuwa a Jamus wai ɓarawo ya shigo. Makunnin zamani yana son waya uku a bango, gidajenmu biyu aka ja musu, sai ka koma fasa bangon da aka gama yi wa fenti mai gida yana hararar ka. Bidiyon da kuka kalla bai nuna muku wannan ba.

Na tuna wata malamar makaranta ’yar kudu, nan bayan shagona. Ta sa na ɗaura mata fitilu shida masu canza launi, tana ta murna tana nuna wa ƙawaye. Sai uwarta ta zo hutu daga ƙauye. Tsohuwa in za ta fita ɗaki sai ta kai hannu bango ta kashe makunni, kamar yadda duk mai hankali yake yi tun da aka kawo lantarki. Da zarar ta kashe, fitilar ta mutu, waya ba ta ganinta. Sau huɗu malama tana kirana wai kayana jabu ne. Na liƙe makunnin da tef, tsohuwa ta ɓare tef ɗin ta ajiye mini shi a ninke. A ƙarshe na kwance su na mayar da ƙwan fitila na kasuwa, gida ya zauna lafiya. Tun ranar ya kamata in gane cewa mai sayen kayan nan daban, mai zama da su daban. Ban gane ba, dariya kawai na yi na karɓi kuɗin mota.

Aikin da ya karya ni a Choggu na yi shi, gidan Hajiya Adiza. Ta yi shekara talatin tana sayar da goro a kasuwa, mijinta ya rasu da daɗewa, ɗanta Rashid yana Jamus. Ya gina mata gida mai ɗaki huɗu, ya ɗauke ta daga tsohon gidansu na zango, ya kira ni ya ce yana son komai da komai. Kwana tara na yi ina aiki. Kullum sai ta aiko mini da koko da ƙosai da safe, da rana tuwon zafi, ba ta kirana Masta, ɗana take ce mini. Ranar da zan haɗa kayan da manhaja, abin ya tambaye ni wane ne mai gida. Gurbi ɗaya ne tak. Na sa lambar Rashid, domin shi ya sayi kayan, shi ke da babbar waya, Hajiya kuwa ’yar ƙarama ce a hannunta mai madanni. Ko minti ɗaya ban tsaya tunani ba. Daga wannan dannawar, duk wani abu da ke buɗewa ko rufewa ko gani a gidan nan ya koma hannun mutumin da ke wata nahiya, matar da ke kwana a ciki ba ta da ikon kashe ko ɗaya.

Get ne ya fara ba mu wahala. Makullin yatsa yake karantawa, yatsun Hajiya kuwa shekara talatin suna cikin ruwan goro, zanen ya shafe, ga lalle a kai. Ta dangwala, abin ya yi ja ya yi ƙara. Na gwada yatsunta goma, babu wanda ya karɓa sau biyu a jere. Wata rana ta dawo daga suna da tsakar rana, ta tsaya a ƙofar gidanta cikin kwalliya tana dangwale kamar mai neman biza, sai da wani maƙwabci ya kira ni na taho a guje. Na ba ta kati. Ta ƙulle shi a bakin zane, aka wanke zanen da shi. Daga nan ta samo dutse ta tokare get ɗin, ta ce gida ne ba kurkuku ba.

Kuma tana da gaskiya. A garin nan ba a barin tsoho ya wayi gari ba a gaishe shi ba. Daga fitowar rana mutane ke shigowa, wannan ya durƙusa, waccan ta durƙusa, ana gaisuwar safe da Dagombanci, ana dasiba ana naa, naa, a tambayi sanyi, a tambayi kwana, a tambayi ƙafa. Wa zai tsaya danna ƙararrawa yana jira a leƙa fuskarsa daga Jamus? Amma duk minti goma da get ya yi a buɗe sai wayar Rashid ta yi ƙara. Yana tsakiyar aiki a can, sai ya kira ni yana faɗa wai na bar uwarsa a buɗe ga ɓarayi. In je in cire dutsen, in juya baya ta mayar. Na zama ɗan aike tsakanin uwa da ɗa, kowa yana jin haushina.

Sai kyamarar falo. Hajiya ta tambaye ni wannan baƙin idon da ke saman labule wa yake kallo. Na ce Rashid ne, don ya riƙa ganin lafiyarki. Ta ce ɗan da ta haifa zai riƙa kallonta ba ɗankwali, tana gyangyaɗi baki buɗe? Washegari ta sa aka hau kujera aka ɗaure idon da tsohon kallabi. Rashid ya kira ya ce allo ya yi baƙi. Muka yi ta ja-in-ja kwana da kwanaki, har ya ce to ya ji, a cire ta daga falo, amma in mayar da ita lungun da ke kallon ƙofar sito, in kuma manna sensa a ƙofar. Ya ce yana sa a kawo buhun shinkafa da na masara da jarkar mai, tsohuwa ɗaya ce a gida, amma kaya na ƙarewa kamar ana dafa wa makaranta. Wani yana cutar uwarsa, in ji shi, kuma kada in gaya mata, don tana da tausayi za ta hana. Na zaɓi ranar da ta tafi asibiti awon jini na yi aikin. Na ɓoye kyamarar a kusurwar silin, girmanta bai fi murfin kwalba ba. Da ta dawo na nuna mata ramin da ya rage a falo na ce na cire. Ta sa mini albarka har da dafa kai.

Bayan sati uku Rashid ya kira. Ya ce kusan kullum da hantsi ƙofar sito tana buɗewa, yana ganin inuwar mace amma lungun da duhu, netwok kuma yana yayyanke hoton. In je in zaro katin da ke cikin kyamarar in duba masa. Na je da sunan gyaran fanka, na zaro, na dawo nan shagon, a kan wannan teburin da kuke jingine da shi, na buɗe laftof.

Ga abin da na gani, kuma kwana bakwai da na duba duk iri ɗaya ne. Wata tsohuwa za ta shigo da kwano mai murfi a hannu, kamar ta kawo wa Hajiya wani abu. Ana hango gefen tsakar gida ta lungun. Su gaisa, su zauna a tabarma. Can sai Hajiya ta miƙe ta yi alwala, ta shiga ɗaki sallar walha, ta turo ƙofa. Tsohuwar ta ɗan jira, ta tashi da ƙyar tana dafa gwiwa, ta shiga sito, ta ɗebi gwangwani biyu ta zuba a kwanon, ta rufe, ta koma tabarma ta zauna. Hajiya ta fito, su ci gaba da hira, baƙuwa ta yi sallama ta tafi. Na san matar. Duk wanda ya taso a garin nan ya san Mma Sanatu, magajiyar masu sayar da man kaɗe, Dagomba ce, macen da in rigima ta ɓarke tsakanin matan kasuwa ita ake kira ta raba. Kuma na ga makullin siton yana soke a jikin ƙofa, alhali na san Hajiya duk makullanta a igiyar ƙugunta suke kwana. Na gani da idona. Wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙirji, na kau da shi, domin Rashid ya yi mini alkawarin gidajen abokansa uku.

Ya ce kada in turo duka, ya yi nauyi, in yanko masa wurin kawai. Na yanko. Na zubar da gaisuwar, na zubar da alwalar, na zubar da hirar bayan. Na bar abin da bai kai minti ɗaya ba: mace ta waiga, ta shiga sito, ta ɗiba, ta rufe kwano. Lungun da duhu, don haka na ƙara wa hoton haske har fuskarta ta fito tas, har tsagar da ke kumatunta. Na kalli aikin na ji daɗin ƙwarewata. Allah ya yafe mini, har murmushi na yi kafin na danna tura.

Rashid kuma ya jefa shi a zauren danginsu na waya, ya rubuta cewa ga ɓarauniyar da ke cinye abincin Mama. Daga nan wata ’yar ƙanwar babansa ta tura wa ƙawarta. Kafin Juma’a bidiyon ya zaga kasuwa, wani ɗan banza ma har ya ɗora masa kiɗa. Matan da Mma Sanatu ta yi wa shari’a shekara da shekaru suna haɗa kai a bayan rumfa suna kallo.

Ranar Asabar Hajiya ta sauka daga yelo-yelo, keken hayan nan mai ƙafa uku, a ƙofar shagon nan. Ban taɓa ganin ta fito ba hoda ba kwalli sai ranar. Na jawo mata kujera ta ƙi zama.

“Bawa,” ta ce, “ka ce mini ka cire.”

Na ce daga falo na cire, Hajiya. Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

A tsaye ta ba ni labarin, murya ƙasa-ƙasa, ba zagi ko ɗaya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Rumfarta da ta Sanatu suna jingine da juna tun suna amare. Lokacin da mahaifin Rashid ya rasu, Sanatu ce ta riƙe mata rumfa wata huɗu da kwana goma, ta riƙa goyon Rashid ɗin nan a bayanta tana tuƙa man kaɗe. Shekara huɗu da suka wuce ɗan Sanatu ya rasu a hatsarin mota ya bar mata jikoki uku, ga gwiwa ta hana ta aiki. Mace irin Sanatu ba za ta miƙa hannu ba ko yunwa za ta kashe ta, in ka ba ta a hannu ma ka zage ta. Don haka wata safiya Hajiya ta bar makulli a ƙofar sito, tun suna tsohon gida, ta ce bari ta yi walha, ta daɗe a ɗaki. Ba su taɓa maganar ba, ko da wasa. Unguwa ta ɗauka Sanatu ce ke kawo wa Hajiya ɗan abin taɓawa kullum.

“Shekara huɗu,” ta ce, “ban taɓa ganin hannunta a buhuna ba. Sai jiya da aka miƙo mini waya aka ce Hajiya kalli.”

Ta ce in goge shi. Na yi mata bayanin cewa abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya gogewa, ko wanda ya ƙera wayar bai isa ba. Ta ce to in je in kashe duk wani ido da kunne da na dasa mata a gida. Na buɗe manhaja a gabanta, abin ya nemi izinin mai gida. Ni da na haɗa ba ni da iko, ita da ke ciki ba ta da iko. Na kira Rashid. Ya ce Mama tana da sauƙin kai ne, ana yaudararta, ba zai kashe komai ba. Daga baya da kawunsa ya yi masa wankin babban bargo ya yi kuka ya ba da haƙuri, amma a ranar ƙi ya yi. Na ɗauki tsani da filaya na bi Hajiya Choggu. Na datse wayar kowace kyamara, na ɓamɓare sensa, na kwance makullin yatsa na sa mata kwaɗo na kasuwa. Aikin kwana tara, ban yi awa biyu ba na gama da shi. Ko ruwa ba ta ce a ba ni ba, kuma ban cancanta ba.

Daga nan muguwar shekarata ta fara. Rashid ya gaya wa ’yan boga cewa ni mai lalata kayan mutane ne, gidajen nan uku suka bi iska, wasu biyu da na fara aka ce in dakata. A zango kuwa aka ce Bawa ne ke dasa wa mutane ido a gida. Yara suka laƙaba mini Mai Ido, in na wuce a babur su bi ni da shi. Wani Alhaji da na ja wa wutar gidansa tun yana ango ya kira ni gyaran fanka, matarsa ta tsaya a kaina tana bin hannuna da kallo, ina fita na ji ta ce a kawo tocila a haska silin. A masallaci ana ba ni hannu, amma da yatsu uku. Na koma gyaran dutsen guga da butar lantarki, ni da ake kira har Yendi. Akwai watan da na sayar da injin huda bangona na biyu don tukunya ta hau wuta. Abin da ya fi ƙona mini rai, irinku ne suka karɓe aikin, yara masu sati biyu. Sun dasa kyamarori a gidajen tsofaffi fiye da duk waɗanda na taɓa dasawa, har a ƙofar banɗaki, ba wanda ya kira su da wani suna.

Kuma har yau kayan ba su canza ba. Na buɗe kwali ya fi a ƙirga, ban taɓa ganin wanda aka yi wa babban maɓalli guda ba, wanda tsohuwa za ta danna ta ji ya ce ƙas, ta san yanzu ba mai kallonta. Manhaja ta san mai gida, ta san baƙo, ba ta san uwar mai gida ba. Ni dai yanzu in ɗan boga ya kira ni, sai na je na zauna da wanda zai kwana a gidan. In nuna masa kowane abu a tafin hannuna kafin ya hau bango, in gaya masa me yake gani, wa yake gaya wa. Ya kunna da hannunsa, ya kashe da hannunsa ina tsaye. In bai iya kashewa ba, ba na ɗaurawa. Rabin masu kirana daga nan suke kashe waya su nemi ɗayanku. Su je, Allah ya ba da sa’a.

Amma ban gama muku ba. Mma Sanatu tun satin da abin ya faru ba ta ƙara taka kasuwa ba. Ta kwashe jikokinta ta koma gidan ƙanenta a wani ƙauye bayan Kumbungu. Abin da ya zauna mata a rai shi ne Hajiya ce ta sa aka ɗana mata tarko, ta gaji da ciyar da ita ta rasa yadda za ta faɗa. Hajiya ta aika mata mutane, har da liman, ta ƙi ganin kowa. Sai da aka kusa shekara, ƙarshen rani ana tsananin zafi, Hajiya ta aiko a kira ni. Ta rame, wuyanta duk ya fito. Ta ce ni na ɗaura, ni na yanka, ni zan je in faɗa da bakina cewa ba ta sani ba. Na ce ko yanzu.

Muka ɗauki shatar yelo-yelo, ta sa aka ɗora buhun masara a baya. Ta yi kwalliya, ta sa mayafin da take zuwa Idi da shi. A hanya tana ta ba ni labarin yadda Sanatu ke kwaikwayon tafiyar masu karɓar haraji a kasuwa, tana dariya ita kaɗai. Ƙanen ya tarbe mu da mutunci, ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, aka kawo ruwa. Ya shiga ciki ya daɗe. Da ya fito bai kalli Hajiya ba, ya ce namijin kaɗai zai shiga.

Na cire takalmi na durƙusa a bakin ɗakin. Tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, tana ɓarar gyaɗa a faranti. Na gaishe ta, ta amsa gaisuwar har ƙarshe, ba ta rage ko ɗaya ba. Na faɗi komai. Na ce ni na ɓoye abin a silin ranar da Hajiya ta tafi asibiti, na yi mata ƙarya na ce na cire, ni na yanke hoton, ni na haska fuskar. Na rantse mata da Allah cewa Hajiya ba ta san da shi ba sai bayan duk kasuwa ta gani. Na ce in akwai wanda za ta riƙe a zuciya, ga ni.

Ta daɗe tana ɓarar gyaɗarta. Sannan ta yi magana da Dagombanci, a hankali, don ta tabbatar na ji.

“Na yarda da kai. Na ji daɗi da ka zo, nauyi ya sauka daga ƙirjina. Adiza ba ta ci amanata ba.” Ta hure ɓawon da ke tafinta. “Amma ta gani, ko ba ta gani ba?”

Na ce ta gani, Mma.

“To da wane ido zan kalle ta? Ka ce mata ta koma gida kafin rana ta yi sanyi, hanyar ba kyau.”

Na roƙe ta. Na ce ko ta bayan ƙofa su gaisa, tsohuwa ce ta taho tun daga Tamale. Ta jawo farantin gabanta ta ci gaba da aikinta kamar na riga na fita.

Hajiya tana hango ni ta fara gyara mayafi za ta miƙe. Da ta ga fuskata sai ta koma ta zauna. Na ce ta yarda, Hajiya, ta ce ba ki ci amanarta ba, sai dai ba ta jin daɗin jikinta yau. Muka zauna a gindin ɗorawar nan har aka yi la’asar, tana kallon ƙofar gidan, mai yelo-yelo yana ta duba agogo. Ba wanda ya fito sai awaki.

Da za mu tafi ta ce in sauke buhun in zagaya da shi bayan ɗakin Sanatu in jingine a bango, inda ba a gani daga tsakar gida. Ta ce in na ajiye in taho, kada in waiwaya. Na yi yadda ta ce. Muka kama hanyar Tamale.

Ba su ƙara haɗuwa ba. Wata biyu bayan nan na gamu da ƙanen a tashar Kumbungu, na tambaye shi ko masarar ta yi musu amfani. Ya ce Mma ta hana kowa taɓa buhun. Yana nan jingine inda na bar shi, ruwan farko ya dake shi, na biyu ya dake shi, har masarar ta tsiro ta cikin buhun.